Yadda Na Bi Salsalar Gidanmu, da Yadda Za Ka Bi Taku

Gona ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Da baffana ya rasu aka zo rabon gado, sai ta bayyana cewa gonar da yake nomawa a bakin fadama ba a taɓa raba ta ba tun rasuwar kakanmu. Malamin da aka ɗauko don rabon ya ce a kawo masa sunayen 'ya'yan kaka duka, maza da mata, da wanda ya riga wani rasuwa. Mu goma sha wani abu a zaure, har da masu furfura, muka kasa haɗa lissafi ɗaya. Wannan ya ce tara ne, wancan ya rantse sha ɗaya ne. Ni ne malamin firamare a cikinmu, sai aka ce, “Malam, kai ne mai biro, je ka rubuto.” Na ɗauka aikin mako guda ne. An raba gadon tuni, ni kuwa shekara biyar ke nan ban ajiye biron ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ringim, ba nisa da layin dogo. Abin da zan faɗa na mutanen karkara ne irina, waɗanda kakanninsu ba su yi sarauta ba balle a rubuta su a littafi.

Ka fara da mata. Wata biyu na ɓata ina bin dattawa maza, kuma duk abin da na samu bai wuce zaren uba ba: wane ɗan wane ɗan wane, sai su ce daga gabas aka zo. Namiji yana riƙe sunan ubansa da iyakar gona. Mace ita ke riƙe wa ya auri wa, wa aka saka, wa ya mutu a goye, wace ce aka kai wani gari ba ta sake waiwayo gida ba. Lissafin nan da ya gagare mu a zaure, Gwaggo, yayar mahaifina, ta warware shi tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi ba. Sha biyu ne. Biyu sun rasu ba a yaye su ba, shi ya sa maza suka manta da su, ɗaya kuma mace ce da aka ba wata 'yar'uwa riƙo tun tana shekara uku, ta girma ta yi aure wajen Gumel. Tana raye lokacin da kaka ya rasu, ke nan tana da gado, kuma saura ƙiris mu cinye wa 'ya'yanta haƙƙi ba mu sani ba.

Yadda za ka yi tambayar shi ne rabin aikin. Ranar farko na je wa Gwaggo da littafi a buɗe, na ce, “Gwaggo, tarihin gidanmu nake so ki ba ni.” Ta ce, “Babana, ni ina na san wani tarihi? Je ka wajen maza.” Babana take ce mini domin sunan mahaifinta na ci. Kalmar tarihi tana tsorata tsofaffi, suna jin abin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Da na koma sai na bar littafin a aljihu, na zauna na taya ta ɓarar gyaɗa, na ce, “Wai rijiyar nan ta bayan gida wa ya haƙa ta?” Daga rijiya muka shiga wanda ya haƙa, da matarsa da ta faɗa ciki aka ciro ta da rai, da ɗan da ta haifa bayan nan, har la'asar ta yi. Saboda haka tambayi abu, mutum zai biyo baya. Ɗakin wa ke nan wajen a da? Wa ya yi miki wankan jego a haihuwar fari? Wa kika goya? Da aka kawo ki gidan miji, wa kika tarar? Ranar da aka yi miki aure wa ya ba da ke?

Ka je da rani ko bayan an gama kaka, kada ka je da damina mutane na gona. Ka riƙe goro ko sabulu, ba a zuwa wa tsoho hannu rabbana. Kuma ka gana da su ɗai-ɗai. In ka tara tsofaffi uku wuri guda, babban ne zai yi magana, sauran su yi ta cewa haka ne, ko da sun san ba haka ba ne. Daga baya ƙaramin zai ja ka gefe ya ce, “Ɗazu ban so in ƙaryata Yaya ba ne.”

Sunaye su ne ramin da na fi faɗawa. A shafina na farko na rubuta Garba da Habu a matsayin wa da ƙane, na yi wata guda ina neman zuriyar Habu, ashe mutum ɗaya ne, Abubakar, kowane ɓangare da yadda yake kiransa. Haka Shehu da Usman, Sanda da Umaru, Kulu da Hauwa, Indo da A'isha, Binta da Fatima, Dije da Hadiza. Duk wanda aka ambata maka, tambayi sunansa na yanka, sannan laƙabinsa, ka rubuta duka biyun. Ga kuma alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta, ko da sun shekara arba'in a ƙasa. Gwaggo “Malam” take cewa, kuma Malam uku ne a labarinta. Kada ka matsa mata. Kai ka faɗi sunan, ita ta ce “shi” ko “ba shi ba”, ko ka sa jika a kusa ya faɗa.

Amma laƙabi yana ba da labari kyauta in ka saurara. Tanko ya biyo mata ne, ke nan akwai yayye mata da ya kamata ka nema. Kande ko Delu ta biyo maza. Gambo ya biyo tagwaye, to ina tagwayen? Audi ba a haife shi ba sai bayan rasuwar ubansa, ka ga ya ba ka shekarar rasuwar uban. Ajuji da Ayashe suna nuna uwar ta yi ta haihuwa suna mutuwa. Azumi da Sallau sun gaya maka watan haihuwa, Talatu da Ɗanladi sun gaya maka ranar.

Kalmar ɗan'uwa kuma kada ka yarda da ita sai ka tone ta. Da an ce “ai ɗan'uwansa ne”, tambaya: ciki ɗaya, ko 'yan uba? Ko ɗan wa da ɗan ƙane? Ko riƙo ne? Ko agola ne da uwarsa ta zo da shi? A gidan gandu duk tare ake tashi, tukunya ɗaya, bayan shekara hamsin ba mai bambancewa sai tsohuwa. Ka tambayi shan nono ma, ka rubuta wa ya sha nonon wa. Wannan ba ya cikin gado, amma yana haramta aure, kuma ilimin yana tafiya kabari da matan da suka shayar.

Sai maganar shekaru. Ba tsohon da zai ce maka an haife shi a shekara kaza, in ma ya faɗa, daga katin zaɓe ya ji, wanda wani yaro ya ƙiyasta masa a layi. Abin da za ka yi shi ne ka haddace wasu manyan al'amura da shekarunsu, su zame maka tsani. Turawa sun ci Kano a 1903, suka yi yaƙin Haɗeja a 1906. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, dogon da ya ratsa ta wajenmu ya kai Nguru a 1930. Yunwar da ake kira Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce. Sarkin Kano Abbas ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero, wanda tsofaffi ke ce wa Sarki Alhaji, zuwa 1953, sai Sanusi har 1963, shekarar da Ado Bayero ya hau bayan ɗan gajeren zamanin Inuwa. Yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945, lokacin da aka kwashi samari zuwa Bama. Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956. An kashe Sardauna a 1966. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye fam da sule a 1973, shekarar babban fari. An kashe Murtala a 1976, shekarar da aka buɗe makarantun UPE na shirin ilimin firamare kyauta. Gwamna Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, rikicin Maitatsine 1980, aka yanke Jigawa daga Kano a 1991. In kai mutumin Haɗeja ne ko Gumel ko Kazaure, nemi jerin sarakunanku, domin da su tsofaffinku ke lissafi. Jerin hakimai da dagatan ƙasarku ma ya fi wannan amfani.

Ga yadda ake hawa tsanin. Gwaggo ta ce shekarar da Sarauniya ta zo aka kai ta ɗaki, kuma azumi biyu ta yi a gida kafin nan. Na sa mata sha huɗu ko sha biyar, haihuwarta ta faɗa wajen 1941 ko 1942. Ta ce mahaifinta ya sha ba su labarin yana kiwon awaki ya ga ana shimfiɗa dogo, ba a daɗe da yi masa kaciya ba. Yaro ɗan takwas ko tara ke nan dab da 1930, sai na rubuta “wajen 1920”. Kalmar wajen ɗin nan kada ka ji kunyarta, ta fi ƙaryar rana da wata. Ka kuma yi hattara da abin da ya faru sau biyu. In an ce maka shekarar canjin kuɗi, tambaya wanne, na fam zuwa naira ko na zamanin Buhari a 1984 da aka sauya launi. In an ce yaƙin basasa, na Biyafara ne ko na Tukur da Yusufawa da aka fara a 1893? Kuma kada ka ɗauka baffa dole ya girmi ɗan wansa. A gidan mata huɗu, autan tsoho sa'an jikansa ne.

Bayan baki sai takarda, kuma takardun farko suna cikin gidanku. Kowane tsohon gida yana da adaka ko akwatin ƙarfe da ba a buɗewa. Namu yana ƙarƙashin gadon Inna, da ƙyar ta yarda, sai da na yi alkawarin a gabanta zan duba in mayar. A ciki akwai rasit ɗin haraji guda bakwai an naɗe su a tsumma, da takardar cinikin gona da ajami mai sunayen shaidu huɗu, da wani hoto da gara ta cinye rabin fuskar mai shi. Rasit ɗin haraji abu ne mai daraja, yana nuna mutum yana raye, ya isa biya, yana zaune a ƙasar dagaci kaza a shekara kaza. Shaidun ciniki kuwa galibi dangi ne ko maƙwabta, kowane suna ƙofa ce.

Abin da ya fi faranta mini rai a gafakar kakana na same shi. A bangon ƙarshe na Alƙur'aninsa na hannu, da tawadar da ta koma ja, ya rubuta haihuwar 'ya'yansa maza uku, rana da wata da shekarar Hijira. Na mahaifina 1370. In kana son juya shekarar Hijira, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa kusa ƙwarai, kuskuren ba ya wuce shekara guda. Ta ba ni ƙarshen 1950 ko cikin 1951, alhali katin mahaifina cewa ya yi 1956. Wani lokaci malaman da ba sa rubuta lamba, sai su dunƙule shekarar cikin haruffa, abin da ake kira ramzi. A lissafin malamanmu shin dubu ne, sin ɗari uku, don haka in ka ga wata kalma marar ma'ana ta fara da waɗannan biyun a ƙarshen rubutu, kada ka wuce ta, kai wa alaramma ya warware maka. Takardun nan ka ɗauki hotonsu da waya a inuwa mai haske, gaba da baya, ka mayar wa mai su. Kada ka liƙa musu salatif, kada ka kai a manne su cikin leda da zafi, tawadar gargajiya ba ta jure wannan. Ka sa su tsakanin farar takarda, ka ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da danshi.

Daga gida sai gari. Ka je gaida dagaci ko bulama ta hannun mai unguwarku, ka faɗi ranka ya daɗe, ka bayyana tun farko cewa ba ƙarar gona ka zo tayarwa ba, domin da an ji mutum yana tambayar kakanni abin da ake fara zato ke nan. Liman ya san aure da jana'iza. Tsohon wanzami ya san askar kowane gida, kuma tsagen fuskar kakanka, ko da a hoto ne, yana iya nuna Barebari ne ku ko Gobirawa ko wasu. Wasan da gidanku ke yi da wasu ma alama ce, in kun tashi kun ga iyayenku suna tsokanar Fulani suna ce musu bayinsu, bincika ɓangaren Barno. Maroƙi yana da jerin sunaye a ka, amma ka tuna abincinsa yake nema, ba zai taɓa haɗa ka da matalauci ba. Karɓi sunayen, ka bar kirarin. In an ce daga wani kufai kuka taso, je ka gan shi da tsoho a bayan babur. Namu saura kukoki uku da ramukan marina da suka cike, amma da Kawu ya tsaya a wurin sai ga sunayen gidaje shida suna fito masa, waɗanda bai taɓa tunawa da su a zaure ba.

Manyan ma'ajiyai su ne na ƙarshe, kuma kada ka sa musu rai da yawa. A Kaduna akwai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, inda takardun lardin Kano na zamanin Turawa suke, har da rahotannin da jami'ansu suka rubuta a kan gundumomi don sanya haraji. Mu 'yan Jigawa a ƙarƙashin Kano za mu nema. Za ka iya samun sunan ƙauyenku, da dagacin lokacin, da yawan mutane da sana'o'insu, amma da wuya ka ga sunan talaka sai in shari'a ta biyo ta kansa. Ka gwada rubutun sunan garin iri-iri, Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Akwai Arewa House a Kadunan, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa. Sashen tarihi na Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello suna da kundayen ɗalibai a kan garuruwa, wasu sun yi hira da tsofaffin da suka rasu tun kafin a haife ka. Ka tafi da sunan gunduma da shekarun da kake nema a rubuce, in ba haka ba kuɗin mota kawai za ka ƙona.

Kayan aiki ba su da yawa: littafi mai kauri, biro, waya mai ɗaukar murya, da abin cajin tafi-da-gidanka. Nemi izini kafin ka ɗauki murya, ka ajiye wayar a gefe a manta da ita. A farkon kowace hira faɗi ranar da sunan mai magana da wurin. A littafi kuwa, kowane magidanci shafinsa daban, matansa a jere, 'ya'yan kowace a ƙarƙashinta, kuma gefen kowace magana ka sa wanda ya faɗa maka. In biyu sun saɓa, rubuta duka, kada ka zaɓi wadda ta fi maka daɗi. Ranar da ka yi hira, a ranar ka tura muryar wani wuri, ko Google Drive ko wayar ƙaninka ta WhatsApp. Ni hirar awa uku da wani ƙanen kakana ta tafi da wayata a cunkoson kasuwa, kafin in koma masa ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Abin da na tsira da shi rabin shafi ne.

Zauren WhatsApp na dangi yana da amfani wajen nemo waɗanda suka yi nisa, ta nan muka gano jikokin wadda aka kai Gumel. Shafin FamilySearch kyauta ne, na wani coci ne a Amurka, kuma duk mamacin da ka sa a bishiyarsu kowa na iya gani ya gyara, sai ka san wannan kafin ka zuba. Yana kuma neman sunan iyali irin na Turawa, mu kuwa sunan uba ko na gari muke ɗorawa, yana sauyawa kowane tsatso. Gwajin asali na DNA da ake talla kuɗinsa da dala ne, kuma ƙarshe ya ce maka kai mutumin Afirka ta Yamma ne. Gwaggo ta fi shi sani.

Akwai abin da za ka tono wanda ba ka nema ba. An ce yawan tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Kusan kowane gida cewa suke daga gabas suka zo, ko jikokin wani malami ne, ba wanda ke cewa kakansa bawa ne a rinji, ko Bamaguje ne da ya musulunta jiya-jiya, alhali ƙasar nan cike take da duka biyun. A namu, wata kaka da ake cewa “an kawo ta daga kudu” ba wanda ya san sunan ubanta ko garinsu, kuma da na tambayi Gwaggo sai ta ce, “Babana, bar wannan.” Na gane. Na rubuta abin da aka faɗa kamar yadda aka faɗa, ban ƙara ba, ban kuma ƙirƙiro mata uba ba. Littafi biyu nake da su, wanda nake nuna wa kowa, da wanda ke cikin akwati. Abin da zai kunyata rayayye ko ya ɓata auren wani ba ya shiga WhatsApp. Hadisi ya ce mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, ban ga inda aka ce mu koye ta don gori ba.

Yanzu na kai kakanni biyar ta wajen uba, huɗu ta wajen uwa, mutum ɗari uku da 'yan kai a littafi. Wanda ya tsaya mini shi ne wan kakana, da ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. Wasu sun ce a Sudan ya zauna ya yi iyali, kamar yadda mahajjatan ƙasa da yawa suka yi. An kwatanta mini wata tsohuwa wajen Maigatari da aka ce mahaifinta tare suka fita, shi ya dawo. Na sa ranar zuwa bayan an gama yankan gero, ranar Alhamis da kasuwarsu ke ci don in sami mota, kuma Gwaggo ta ce in tafi mata da daddawa, in ce daga 'yar mai rijiya.